Ɗakin majami'a ko ɗakin ƴan albasa?

Ishaku: Salama gare ku ƴan uwa cikin Almasihu. Baba Fasto ina gaisuwa, Inna Rahila ina wuni. Shawara nake nema, kuma gara in kawo ta gaban kowa tunda ku kuka haɗa kuɗin da aka turo ni da su daga Tawa. Ikilisiyar da ta karɓe ni nan Abijan ta ba ni ɗaki a harabar majami'a, unguwar Yopugon. Ɗakin ba laifi, akwai kuran, akwai ruwan pampo, matar fasto tana aiko mini abinci safe da dare. Amma Adarawanmu da aka aiko ni wurinsu suna Ajame da Abobo. Kafin in samu gbaka, ƴar ƙaramar kar ɗin da ake cusa mutane ciki, in isa can, kowa ya kama neman abincinsa. Da dare kuma, lokacin da suke zama fada ana shayi ana hira, ni ina hanyar komawa. Wani ɗan wajen Madawa mai sayar da albasa ya ce akwai wurin shimfiɗa tabarma a ɗakinsu in ina so. In tashi in koma can, ko in zauna inda aka sauke ni?

Saratu: Bar maganar ɗaki tukuna. Kana cin abinci kuwa? Innarmu ta ga hotonka ta ce wuyanka ya yi tsawo.

Ishaku: Yaya ina ci. Acheke ne kullum, garin rogo da aka turara, mai ɗan tsami-tsami, sai sakwarar ayaba da rogo da miyar kwakwar manja. Cikina bai gama yarda ba. Abin da ya fi damuna gumi ne. Ka yi wanka, kafin ka sa riga ka jiƙe. Wankin da na shanya jiya har yanzu da danshi, takalmina na zuwa sujada ya yi funfuna a ƙarƙashin gado. Ki ce wa Inna hura kawai nake kewa.

Dauda: Ishaku ƙanena, sannu da baƙunta. Ni da na daɗe ina bin kamiyon albasa daga Galmi zuwa kasuwar Ajame, shawarata guda ce: ɗauki jikkarka ka tahi. Mutanenmu can ba su da lokacin baƙon rana. Tun asuba an sauke buhu, an kasa, ana ciniki, ana gudun ƴan mairi. Tun 2024 da hukumar Abijan ta hana tallar yawo bisa manyan tituna da tura amalanke, kowa hankalinshi tashe yake. Hirar gaske sai bayan isha'i, in an ɗora butar shayi. Nan ne za ka ji wane ne matarshi ta haihu gida bai da kuɗin rago, wane ne anka rushe mishi rumfa, wane ne shekara ta zagayo bai aika ko dala ba kuma kunya ta hana shi komawa. Wanda ya kwana Yopugon ba shi jin wannan. Ko da gada ta huɗu mai haɗa Yopugon da Ajame da anka buɗe farkon 2024, zirga-zirgar kullum za ta cinye maka kuɗi da ƙarhi.

Fasto Ayuba: Salama ɗana Ishaku. Na ji Dauda, kuma bai faɗi ƙarya ba. Amma kafin ka naɗe tabarma, buɗe Luka sura 10. Sa'ad da Ubangiji ya aiki almajiransa biyu-biyu, ya ce gidan da aka karɓe su su zauna nan, su ci su sha abin da aka ba su, kada su yi ta sauya gida. Faston nan ya rubuto mana da hannunsa ya ce zai riƙe ka. Ya share ɗaki, matarsa ta ƙara awo saboda kai. In ka tashi tun ba ka san sunayen ƴaƴansa ba, me za ka sa shi ya faɗa wa ikilisiyarsa? Kuma ranar da wani abu ya same ka a Ajame, Allah ya sawwaƙe, shi ne zai je kwamisariya ko likita ya tsaya maka, mu muna nan nesa.

Dauda: Baba, da girmanku, almajiran nan gidan waɗanda za su yi ma wa'azi sunka sauka. Ba a ce su sauka gidan wani mai bi a wata unguwa su riƙa shiga mota ba.

Fasto Ayuba: To Dauda, ka kama ni a nan. Amma alkawari da mai masauki yana nan daram.

Hannatu: Ku yi mini gafara iyayena, ni tambayata ta riga ta ɗaki. Tun ranar da aka yi baiko na musamman nake riƙe da ita. Ƙidayar Kwaddibuwa ta 2021 ta ce Kirista sun kusa kashi 40 cikin ɗari, Musulmi sun ɗan haura 42. Mu a Nijar ba mu kai ko ɗaya cikin ɗari ba. Su ke da manyan majami'u, da makarantun tauhidi, da gidajen rediyo. Mu kuma akwai ƙauyuka tsakanin Tawa da Ƙonni inda masu bi ƙalilan ke jiran mai bishara ya zo sau ɗaya a wata a kan babur ɗin aro. Yaya aka yi mu ne muke tura mutum can? Ba don Yaya Ishaku nake faɗi ba, na san zuciyarsa. Amma wani lokaci ina ganin daɗin cewa "mun aika mutum ƙasar waje" yake ɗibarmu.

Saratu: Hannatu, yaro yana can shi kaɗai yana neman ƙarfafawa, ke kuma yanzu kika ga damar wannan magana?

Hannatu: Yaya Saratu, da na yi ta a taro an ce lokaci ya ƙure.

Ishaku: Bar ta Yaya, tambayar tana kan hanya. Hannatu, bari in ba ki abin da na gani. Lahadin farko na sa babbar rigata da hula, na tsaya bakin ƙofar majami'a riƙe da Littafi Mai Tsarki cikin leda saboda yayyafi. Mai tsaron ƙofa ya dube ni sama da ƙasa, ya ce da Faransanci ba a talla a nan, in dawo bayan an tashi. Ba da mugunta ya faɗa ba. Da fasto ya gabatar da ni a gaba, mutumin nan ya zo ya riƙe hannuna yana ta ba da haƙuri, ya ce bai taɓa jin akwai Bahaushe Kirista ba. Kullum suna sayen garba wurin ƴan Nijar, acheke da soyayyen kifi da tonka, suna sayen albasa, suna sayen tsire, amma babu wanda ya taɓa zama da su. Majami'a cike, kiɗa har ƙirji yana girgiza, sujada tun safe har bayan azahar, duk da Faransanci. Na kuma gamu da samari biyu ƴan wajen Maraɗi, ƴaƴan masu bi ne, tun da suka zo ci-rani ba su shiga sujada ba. Ɗaya ya ce ya je sau ɗaya, bai ji komai ba, kowa kuma yana kallon silifas ɗinsa. Da na fara rera musu waƙa daga littafin waƙoƙinmu na Hausa, ɗayan ya juya baya yana share ido.

Fasto Ayuba: Ƴata Hannatu, ga rabin amsarki nan. Ragowar kuma tarihi ne. Bishara ba ta taɓa jiran mai aika ta ya yi arziki ba. Ita Kwaddibuwar da kike lissafa majami'unta, wani baƙar fata ne daga Laberiya, William Wade Harris, ya bi gaɓar teku a ƙafa a 1913 da 1914, da farar riga da gicciyen gora da ƙwaryar ruwan baftisma. Dubban mutane suka ƙone gumakansu, Faransawa suka ji tsoro suka kore shi. Da ƴan mishan na Metodis suka zo a 1924, sun tarar da ikilisiyoyi suna jiransu. A wannan shekara ta 1924 ne ƙungiyar mishan ta SIM ta fara aiki a Damagaram, likitar Galmi kuma sai 1950. A Najeriya tun 1948 ƴan ƙasa suka kafa ƙungiyar aika masu bishara ta kansu, EMS, da baikon manoma. Mu dai mun daɗe muna karɓa. Abin da muke da shi wanda ikilisiyar Abijan ba ta da shi, Hausa ce, da sanin yadda ake gaida Ba'adare, da Littafi Mai Tsarki da ke hannunmu cikin harshenmu tun 1932.

Hannatu: Na ji Baba. Amma in haka ne, mai zama ake bukata ba mai ƴan watanni ba. Yaya Ishaku zai dawo, samarin nan biyu su koma inda suke.

Inna Rahila: Ku dakata da tauhidi in yi magana irin ta ma'aikaciyar likita. Ishaku ɗana, duk inda za ka kwana, sange dole. A Tawa sauro na damina ne, in kaka ta wuce an huta. Ruwan da muke samu a shekara ba ya kai milimita 500, na Abijan ya haura 1,500, don haka sauro ba shi da hutu. In jikinka ya yi zafi kada ka sayi ƙwayoyi a tire, je a ɗiba jini tukuna. Akwai kuma zazzaɓin dengi a garin nan, sauronsa da rana yake cizo, kuma mai shi ba ya shan asfirin ko ibuprofen don suna iya jawo zubar jini, sai parasetamol har a gwada. Ɗakin ƴan albasan nan mutum nawa ke ciki? Akwai taga? Akwai mai tari da ya daɗe? A kwari yake ko a tudu? Watan Yuni in ruwa ya tsinke, unguwannin gangare irin na Atekube ƙasa kan zabtaro kan gidaje, kusan kowace shekara ana rasa rayuka. Ka duba waɗannan da idonka, ba da zuciyar mai bishara ba.

Ishaku: Inna, su bakwai ne, taga ɗaya ƙarama. A tudu yake. Ban ji mai tari ba amma zan saurara.

Dauda: Bakwai ai sarauta ce, Inna. Mun kwana goma sha.

Inna Rahila: Shi ya sa ka dawo mana da ƙaiƙayi, Dauda.

Yohanna: A matsayina na ma'aji, abu biyu. Na farko, in ɗakin kanka za ka kama a Ajame, dokarsu ta 2018 ta ce mai gida ya karɓi kuɗin wata biyu na gaba da wata biyu na ajiya, ga kuma lada na dillali. Asusunmu ba zai ɗauki wannan ba, in faɗa maka gaskiya. Sa'ar dai kuɗinmu ɗaya ne, sefa ce, jikka a nan jikka ce a can, sai dai ba ta sayen abin da take saye a kasuwar Tawa. Na biyu, rahoto. Iyaye mata na zumunta sun sayar da gyaɗa da ƙuli-ƙuli sun ba da nasu, suna tambayata me ake ciki. Ka riƙa turo hotuna kana tare da mutanen, a nuna ranar Lahadi, mutane su ga kuɗinsu yana aiki.

Dauda: A'a Yohanna. Wannan kam a'a. Ba ka san yadda zaman can yake ba. Ɗaki ɗaki ne na gari guda: ƴan ƙauye kaza ɗakinsu daban, da babbansu wanda ke karɓar sabon zuwa, shi ba shi jari, shi aje mishi kuɗi, in an mutu shi haɗa kuɗin likkahani. Abin da ya faru Ajame da dare, kahin hantsi ya isa ƙauye ta WhatsApp. Ka ɗauki hoton mutum zaune kusa da Ishaku da Littafi a buɗe, ka nuna a majami'a, wani ya tura ma wani. Mutumin nan wataƙila labarin Annabi Yusuhu kawai ya tambaya. Gobe surukinshi ya zo ya ɗauke ɗiyarshi, babban ɗaki ya karɓe jari. Wa zai biya wannan? Zumuntar mata?

Yohanna: Ban yi tunanin nan ba. To amma rahoto fa?

Inna Rahila: Ya rubuto da baki, ba suna ba hoto. Ni zan yi wa matan bayani, ba yara ba ne. Wadda ta ga 16 da 17 ga Janairun 2015, da aka ƙone majami'u a Damagaram da Yamai, ba sai an koya mata dalili ba. Kuma kada mu manta, ranar nan maƙwabta Musulmi ne suka ɓoye wasunmu a ɗakunansu. Waɗanda muke zuwa sunansu da jana'izarsu ne, ba waɗanda muka ɗauka hoto ba.

Fasto Ayuba: Wannan ya kawo ni ga abin da ya fi ɗaki nauyi. Ishaku, mai albasan da ya yi maka tayi, ya san ko kai wane ne? Sunanka ba ya nunawa, rigarka ba ta nunawa. Ban yarda ka shiga ɗakin mutane a matsayin ɗan ci-rani, daga baya su gane aiko ka aka yi ba. Wannan cin amana ne, kuma bishara ba ta shiga ta ƙofar ƙarya.

Ishaku: Baba ya sani, duk sun sani. Ran da na fara zama fadarsu, an yi gaisuwa, an tambayi garinmu, har aka gano kakata da kakar wani ƴan gari ɗaya ne. Aka miƙo mini kofin fari. Sai aka kira magariba. Kowa ya ɗauki buta, wani yaro ya ajiye tasa gabana. Na ce na gode, ni Kirista ne, zan tsare muku kaya. Wurin ya yi tsit. Yaron ya ɗauke butarsa a hankali. Suka yi sahu a kan buhunan da aka shimfiɗa, ni kuma ina zaune da gawayi yana ci, na ga shayin zai ƙone sai na sauke, na zuba sukari na ci gaba da haɗa na biyu. Da suka sallame, dattijon cikinsu ya zauna ya daɗe bai ce komai ba, sannan ya ce, ɗan mishan ne kai irin na Galmi? Na ce i, ikilisiyarmu ce ta aiko ni. Ya ce a can aka yi wa matarsa aiki da haihuwa ta zo da gardama. Ya karɓi kofi ya sha, ya ce sukari ya yi yawa. Wasu biyu dai tun ranar ba su sake ba ni hannu ba, kuma ɗaya daga cikinsu a ɗakin yake kwana.

Fasto Ayuba: Madalla da ka faɗa tun farko. Amma ka ji abin da ka ce da bakinka: akwai wanda bai so, kuma ɗakinsa ne shi ma, yana biyan haya. Mai albasa shi kaɗai ba shi da ikon shigar da kai. Sai babban ɗakin ya yarda a gaban kowa.

Dauda: Nan kam Baba kun hi ni gaskiya. Babban ɗaki za a hwara gani, da goro. Amma ina ƙara cewa, ko ya koma ko bai koma ba, shi kama sana'a. Namiji zaune ba aiki, kuma kullum da kuɗin gbaka a aljihu, cewa za a yi ɗan leƙen asiri ne. Mutanen nan sun ga rikicin ƙasar na 2002, sun ga na 2011 lokacin da baƙi sunka sha wuya, ba su yarda da wanda ba su san abincinshi ba. Ishaku ya iya lissahi da Faransanci. Shi riƙa rubuta musu buhu nawa anka sauke, wa ya ci bashi, shi raka marar lahiya likita shi yi mishi tafinta. Bulus ma ɗinkin tanti ya yi gidan Akila da Biriskilla.

Hannatu: Wannan na yarda da shi. In zai koya wa samarin Maraɗin nan su riƙa jagorantar addu'a da Hausa da kansu, ko da a baranda ne, to in ya dawo an bar wani abu. Yaya Ishaku, faston can zai ba ku wuri da yammacin Lahadi?

Ishaku: Ban tambaye shi ba tukuna. Kunyarsa nake ji, ya riga ya yi mini da yawa.

Fasto Ayuba: Baƙo makaho ne ko da idonsa biyu, saboda haka mai gida ake tambaya hanya. Ka zauna da shi ka faɗa masa duk abin da ka faɗa mana, har maganar ɗakin. Kada ya ji ta a bakin wani. Ni a ganina ka riƙe ɗakin Yopugon, kayanka su zauna can, ka nemi izininsa ka riƙa kwana Ajame wasu darare in babban ɗaki ya amince. Ka kuma gayyace shi ya bi ka fadar nan rana ɗaya ya sha shayi. In shi bai san su ba, ranar da ka taho aikin ya taho tare da kai. Zan kira shi da kaina, amma sai bayan kai ka yi magana.

Dauda: Rabi can rabi nan, Baba, ni ban ga ya zama ɗan ɗaki ba. Amma a gwada.

Inna Rahila: Takardu fa? Katin rigakafin shawara yana hannunka? Ka je ofishin jakadancin Nijar ka yi katin ɗan ƙasa mazaunin waje. Tun da muka fita CEDEAO, ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, ranar 29 ga Janairun 2025, ko da an ce zirga-zirga tana nan yadda take, kada ka yi yawon dare a Ajame ba takarda a aljihu. Ka ɗauki hotonsu duka ka tura wa Saratu ta ajiye.

Saratu: Ka turo yau. Kuma ka daina kiran Inna ƙarfe goma naku, nan sha ɗaya ta yi, ta yi barci sai ta tashi a firgice. Dauda, yaushe kamiyonku zai tashi? Akwai garin hura da cuku da kilishi da za a kai masa.

Dauda: Sai an gama lodi Galmi, zan gaya miki. Ki ɗaure garin cikin leda biyu, danshin can ba shi da kunya.

Yohanna: To zan sanar da kwamiti ranar Lahadi bayan sujada: ba kuɗin haya, ba hotunan mutane, a ɗan ƙara masa na mota. Ishaku ka turo rahoton kafin Asabar, ko shafi ɗaya ne.

Hannatu: Malam Yohanna, a sa tawa ma cikin abin da za a tattauna, kuma a farko, ba a ƙarshe ba. Babur ɗin mai bisharar ƙauyukan Ƙonni tun watan jiya yake wurin makanike.